Aiken Zare

Dakta malamin sauraro ne. Abin da yake koyarwa ke nan a wata jami'a, a ƙasar da ba tasa ba: ya tara ɗalibai ya nuna musu yadda ake zama da wanda aurensa ya mutu, ko wanda barci ya ƙaurace wa, ko wanda ya binne nasa ya kasa dawowa daidai, a saurare shi har ya samu sauƙi. Ba da shawara ake ce wa fannin, amma abu na farko da yake gaya wa sababbin ɗalibai shi ne su koyi tsuke bakinsu. Kuma ya iya, kar a rage masa. Mutum ne da in ya ɗan karkatar da kai ya dube ka, sai ka ji kana so ka gaya masa abin da ko matarka ba ta sani ba.

Damuwarsa ɗaya ce. Kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen zango, izinin zamansa a ƙasar kuma a wuyan aikin yake rataye. In ba a tabbatar da shi ba, sai dai ya tattara mata da 'ya'ya da tsohuwar uwarsa da ya ɗauko don a duba mata ido, su koma inda suka fito, inda ya riga ya cika wa kowa baki cewa ya zama wani abu.

Shugabar sashen ce ta kira shi ofis. Ɗalibai suna ce mata Sannu-Sannu, don ko korar mutum za ta yi, a hankali take yi, da murmushi, tana tura masa kofin shayi.

"Dakta, ɗalibai suna son ka, wannan ba gardama," in ji ta. "Amma ka tuna dalilin da ya sa muka ɗauko ka. Yaran nan za su fita su haɗu da baƙi, da tsofaffin da ba sa jin harshenmu, waɗanda ba su taɓa zama gaban wani sun faɗi abin da ke cin su ba. Mun ce kai ne za ka buɗe musu wannan ƙofar. Sai ga shi littattafan da muka karanta su kake karanta musu. Ai da littafi muke nema, laburare na nan."

Ya buɗe baki, ta ɗaga hannu a hankali.

"Akwai wata da ta nemi gurbin nan. Ta yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira. An ce in ta fara ba da labari, ajin gaba ɗaya hawaye yake yi. Ban ce komai ba fa. Kawai ka nuna mana abin da kai kaɗai za ka iya nunawa."

Ya fito. A cikin bas yana ta lissafin abin da shi kaɗai yake da shi, bai samu komai ba, har ya hau bene ya buɗe ƙofar gida. Nan ya tarar da Inna a wurin zamanta, gindin taga inda haske ya fi yawa, ta kai wandon jikanta kusa da hancinta tana ɗinke gwiwa da idon da likita ya ce ta huta da shi. Tela ce tun tana yarinya, hannunta ba ya iya zama haka kawai.

"Auta, ka dawo?" ta ce ba ta ɗago ba. Ita kaɗai ce a duniya ba ta ce masa Dakta.

Ya tsaya da jaka a hannu yana kallonta, irin kallon da mahauci ke yi wa rago. Allah ya sani, da farko kunyar tunanin ta kama shi. Amma kunyar ba ta kai ya cire takalmi ba ta sake shi.

Ya san akwai wani abu a cikin tsohuwar nan da ba a taɓawa. Yana da yaya mace da ake ce wa Tsuntsuwa, don ba ta da ci sai waƙa. Mota ta buge ta tun yana ƙarami, bai ma riƙe fuskarta ba. Abin da ya sani a bakin gwaggonsa ya tsinta, gutsure-gutsure: aikenta aka yi, ba ta dawo ba. A gidansu ba a ambaton sunan. Babansu har ya koma ga Allah bai taɓa furta shi ba, Inna kuwa in an yi kuskure an doshi wurin, sai ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta.

"Inna, ɗalibaina sun matsa suna so su gaishe ki," ya ce da daddaɗar murya. "Sun ce sai sun ga wadda ta haifi malaminsu."

Wayyo, tsohuwa ta ji daɗi. Tun da ta zo ƙasar ba inda take zuwa sai asibiti. Ta sa surukarta ta goge mata kayanta mafi kyau tun ana sauran kwana biyu. Surukar, wato matar Dakta, ba ta yi karatun sauraro ba amma ta san mijinta, ta tsare shi a kicin.

"Gaisuwa ce har da su kyamara? Na ji ka a waya."

"Hira ce kawai, ta ilimi."

"Ta san da haka?"

"Ke kuma! Uwata ce ko taki?"

Ta mayar da kai ga albasarta.

Ɗakin gwajin da ya kai ta a jami'ar ƙarami ne, an yi shi don irin wannan aikin. Kujeru biyu masu laushi an ɗan kauce da su kada su fuskanci juna kai tsaye, ƙaramin tebur a tsakani da kwalin tishu, agogo kuma an rataye shi a bango daidai bayan kan mai kawo damuwa, don mai sauraro ya riƙa ganin lokaci ba tare da ya dubi hannunsa ba. Ɗalibai suka zauna a gefe, kowa da ƙasar da ya fito, kowa da littafinsa a cinya. Sannu-Sannu ta zauna a baya. Da ta tambaye shi ko tsohuwar ta amince, ya ce ƙwarai, ita kuma ba ta nemi ji daga bakin tsohuwar ba, don ba ta so ta ji.

Inna ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da harshen gida, ta sa musu albarka, ta ce wata yarinya ta rame a riƙa ba ta abinci. Dakta ya fassara, aka yi dariya. Sannan ya zaunar da ita a kujerar da agogo ke bayanta.

Bai yi gaggawa ba. Ya fara da keken ɗinki: wa ya saya mata, wace irin ƙara yake yi. Inna ta saki jiki tana ba da labari, yana juya wa aji maganarta da ƙaramar murya. Ya tambayi yadi, ya tambayi masu kawo ɗinki da rigimarsu. Sai ya ce, kamar abin ya faɗo masa ne a lokacin:

"In zare ya ƙare miki kina tsakiyar aiki, wa kike aika?"

Hannun Inna ya tsaya a kan cinyarta. Ta waiga hagu da dama, amma nan ba tukunya a wuta.

Dakta ya yi shiru. Shi ne babban makaminsa, zango guda yake koyar da shi: kar ka ceci mutum daga shiru, ka bar shi ya yi masa nauyi, zai yi magana don ya sauke. Ya karkatar da kai, ya buɗe tafukan hannunsa a gwiwa, idonsa ɗaya a fuskarta ɗaya a agogo.

"Yayarka," in ji Inna a ƙarshe.

"Yayata," ya maimaita. Wannan ma darasi ne: ka mayar wa mutum kalmarsa ta ƙarshe, zai ɗora.

Ta kuwa ɗora. Yarinyar ta dawo daga makaranta da rana tsaka, ta yar da jaka ta ce yunwa take ji. Ita kuma Inna tana kan rigar wata mata mai baki, wadda ta ce da la'asar za ta zo karɓa, ga koren zare ya ƙare saura hannun rigar ɗaya. Shagon yana tsallaken babban titi. Ta yanko ƙyalle ta ba ta ta ce ta gwada kala, ta ce je ki dawo, abincin ba guduwa zai yi ba. Ta zuba mata ta rufe da faranti. Tana nan tana jira tana masifa a ranta, wai yarinyar ta tsaya wasa, sai ga maƙwabciya ta shigo ba ɗankwali.

"Ta sayo fa, Auta," in ji Inna. "A hanyar dawowa ne. A hannunta aka same shi. Kalar daidai, ba ta yi kuskure ba."

Daga nan muryar ta karye. Kuka ne na wanda bai saba ba, yana fita da ƙyar yana sarƙe ta. Wani ɗalibi ya zabura zai miƙa mata tishu, Dakta ya hana shi da ido, don ya sha gaya musu cewa miƙa tishu kamar cewa mutum ne ya isa haka. Ya bar ta ta yi mai isarta, yana fassara abin da ya fito tsakanin shessheƙa. Rabin ajin na share ido. Da allurar agogo ta kai inda ake tsayawa, ya tattara zaman da kalmomi masu taushi, yadda littafi ya ce.

Sannu-Sannu ta kama hannunsa a baranda, idonta ya yi ja. "Wannan shi ne, Dakta. Wannan shi ne! Amma ni kaɗai ba na yanke hukunci. Kwamiti zai zauna ƙarshen zango, kuma faifai ba zai ratsa su ba, dole su gani da idonsu. Za mu ba ka babban zaure. Ka sake kawo ta."

A bas Inna ta riƙe hannun rigarsa kamar mai tsoron ɓata. Sun yi nisa kafin ta yi magana.

"Allah ya yi maka albarka, Auta. Ubanku har ya mutu bai taɓa tambayata yadda aka yi ba. Ba wanda ya taɓa tambayata. Ashe kai abin na ranka."

Ya ce amin, yana kallon titi.

To, abin da ya buɗe bai rufu da agogo ba. Washegari yana shan shayi a tsaye, Inna ta lallaɓo kicin ta ce, "Ka san ita ke goya ka? Har ta taɓa kayar da kai a bakin rariya, ta roƙe ni kar in gaya wa babanku." Da yamma ta tare shi a ƙofa da wani labarin, na waƙar da yarinyar ta ƙirƙira don tsokanar mai gyaran takalmi. Shekara da shekaru a ƙunshe, yanzu duk suna so su fito, kuma shi take so ta ba wa, shi da ya tambaya.

Nan ilimin Dakta ya yi masa aiki. Ya san abin da ke faruwa da baƙin cikin da ake yawan faɗa, shi da kansa yake rubuta shi a allo: duk maimaitawa tana rage masa kaifi, har mutum ya iya ɗaukarsa ya ajiye ba tare da ya yanke shi ba. Warkewa ke nan, ita ce ma manufar fannin gaba ɗaya. Kuma kwamiti saura makonni. In aka bar tsohuwar nan tana zubar da abin kullum a kicin, ranar zaure za ta zo masa a bushe.

Sai ya fara zillewa. Yau yana da takardun jarrabawa, gobe kansa na ciwo. Da ta matsa, ya ce, "Inna, ki ajiye shi tukuna. Ai za mu koma wurin ɗaliban, can za ki ba ni duka." Ta ce to, ta koma gindin taga jiki a sanyaye. Matarsa kuma ya ja ta gefe ya ce kar ta riƙa biye wa tsohuwa a kan zancen nan, yana tayar mata da hawan jini.

"Kai da ka tono shi a gaban mutane?"

"Wancan a ƙarƙashin kulawar ƙwararre ne."

"Allah ya ba ƙwararre haƙuri," ta ce.

Amma kicin ɗin matsattse ne, mata biyu ba sa yini a cikinsa baki a rufe, shi kuma ba ya gida. Wata ranar ya dawo da wuri, tun daga matakala ya jiyo abin da bai taɓa ji ba tun da ya yi wayo: Inna na ƙyalƙyala dariya. Ya tura ƙofa a hankali. Tana zaune a kan kujerar roba tana kwaikwayon muryar yarinya, tana rera waƙar mai gyaran takalmi, surukarta na riƙe da ciki, jikokin suna amshi suna buga cokali a tebur. Sunan da aka binne shekaru yana yawo a gidan kamar na wadda ta je makaranta za ta dawo.

Ɗa ya ji uwarsa na dariya, gabansa ya faɗi. Tir da wannan hali! Ya wuce ɗaki ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, yana jin haushin matarsa kamar ta yi masa sata.

Ranar ta zo. Zauren babba ne, kujeru hawa-hawa, an ɗauko kujeru biyun nan da teburin da kwalin tishu an dasa su a kan dandamali ƙarƙashin fitila, agogon ma an samo masa wuri. 'Yan kwamiti suna sahun gaba, shugabansu wani dattijo mai sanƙo da tabarau a goshi, wanda aka ce ya fi shekara ashirin bai yaba wa kowa ba. Matar Dakta ba ta zo ba, ya ce mata ba a shiga da iyali. Inna ta shigo da fara'arta tana ɗaga wa ɗaliban da ta gane hannu, ta tambayi ramammiyar yarinyar nan ko ta fara cin abinci.

Ya bi hanyar da ya bi a da, taki bayan taki. Keke, yadi, masu kawo ɗinki. Sannan zare.

"Ai yayarka nake aika, Tsuntsuwa," in ji Inna, sunan ya fito sumul. Ta ba da labarin duka, da jakar makaranta da ƙyallen da farantin, muryarta ba ta ko girgiza ba. Da ta kai wurin zaren a hannu ta ɗan numfasa, ta share gefen ido da yatsa, ta ce, "Kwananta ne ya ƙare, Allah ya jiƙan ta. Amma bari in ba ka labarin ranar da ta sa wa kyanwar maƙwabta rigarka."

Dakta ya fassara. Aka ɗan yi dariyar ladabi. Dattijon ya sauko da tabarau ya duba wayarsa. Murmushin Sannu-Sannu yana nan a fuskarta, amma ya daskare.

Ya jawo shiru. Ya karkatar da kai, ya buɗe hannuwa, ya bar shi ya yi nauyi. Inna ta jira, ta jira, sannan ta leƙo fuskarsa.

"Ka yi shiru, Auta. Ko kan ne ya motsa?"

Wani a baya ya yi tari. Allurar agogo ta cinye fiye da rabin lokacin. Dakta ya ga komai a fili: akwatuna a falo, yara ana cire su daga makaranta a tsakiyar shekara, 'yan'uwa a tasha suna yi masa sannu da zuwa da bakin da ke cike da dariya. Ya ga wata mata da bai taɓa gani ba tana jera littattafanta a ofishinsa. Ya duba zauren daga sama har ƙasa. Ba mai jin harshen gida ko ɗaya, ya riga ya tabbatar da wannan tun makon jiya.

Ya matso da kujerarsa kaɗan. Ya sunkuyo, ya sassauta murya har ta koma irin wadda ake lallashin jariri da ita. Duk wanda ke kallo daga nesa zai rantse addu'a yake yi mata.

"Inna, ta ce miki yunwa take ji, ko?"

"Ta ce."

"Kika ce ta je."

Fara'ar ta fara janyewa daga fuskar tsohuwar. "Ai na gaya maka, Auta."

"Loma nawa ce? Da kin bar ta ta ci, da motar ta wuce kafin ta kai titi."

"Auta."

"Saboda hannun rigar wata. Kin ce Baba bai taɓa tambayarki ba. Me zai tambaya? Ya san amsar. Gwaggo ta sani. Duk gidan mun sani, shiru kawai muka yi miki." Ya ɗan gyaɗa kai cikin tausayi, don na sahun gaba su gani. "Ba kwana ba ne, Inna. Ke kika aike ta."

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta zuba masa idanun nan masu hazo tana nemansa a cikin fuskarsa, kamar an canza mata ɗa a hanya. Bakinta ya buɗe ba sauti. Sannan wani abu ya fito daga can ƙasan cikinta, ba irin na wancan karon ba, wannan ko sunan kuka bai cancanta ba. Ta dunƙule a kujera, ta ɗora hannu biyu a ka, tana jijjiga gaba da baya. Lasifika ta ɗauki sautin ta watsa shi har kujerar ƙarshe.

Dakta ya bar shi ya cika zauren. Sannan ya juyo, idonsa shi ma ya kawo ruwa, don jiki ba ya tambayar dalili, ya ce da harshen ƙasar:

"Na gaya mata ba laifinta ba ne. A shekarun nan duka ba wanda ya taɓa gaya mata haka da harshen da ta sha a nono. Kun ga natsuwar da ta shigo da ita? Garkuwa ce. Sau da yawa kalmar yafiya ce take sauke ta."

Alƙaluma suka hau aiki, ɗalibai na rubuta maganar kalma da kalma. Dattijon ya cire tabarau gaba ɗaya yana murza ido. Ramammiyar yarinyar ta fashe da kuka aka fita da ita. Kwalin tishu yana nan a kan tebur tsakaninsu, ba wanda ya taɓa shi, don kowa a zauren ya san ƙa'ida.

A baranda Sannu-Sannu ta raɗa masa cewa bai kamata ta faɗa ba tukuna, amma ya kwana da hankalinsa a kwance. Dattijon da kansa ya ba shi hannu, ya ce a aikinsa kaf bai taɓa ganin tausayi ya ƙetare harshe haka ba. Ya rusuna wa Inna, ita kuma tana tsaye jikin bango da jakarta a ƙirji, ba ta san ma yana yi ba.

A bas ba ta riƙe masa riga ba. Ta zauna jikin taga, hannuwanta a cinya. Sai da suka kusa sauka ta ce, ba ta dube shi ba:

"Manyan naka sun ji daɗi?"

"Sun ji, Inna."

"To madalla."

Aka tabbatar da shi. Aka sabunta izinin zama, aka sa sunansa a ƙofar ofis da farin ƙarfe, aka ce faifan zaman zai shiga cikin kayan koyarwa na kowace shekara. 'Yan'uwa suka yi ta bugo waya suna taya murna, yana amsawa da dariya.

A gida kuwa waƙar mai gyaran takalmi ta mutu. In jikokin suka ɗauko ta, Inna sai ta miƙe ta shige ɗaki. Ta daina ɗinki, ta daina tsokanar surukarta a kan gishiri, abinci sai an tsaya a kanta. Matar Dakta ta tambaye shi me ya faru a zauren nan, ya ce koma-baya ne, yakan faru bayan babban zama, da lokaci zai wuce. Ta dube shi har sai da ya kawar da kai. Ta tambayi Inna, Inna ta ce ba komai, tsufa ne.

Wata Asabar da safe surukar tana gyara gadon tsohuwar, ta ɗaga matashi ta ga kwalbar maganin ɗigawa a ido. Ta girgiza ta, ta ɗaga ta a haske. Ko ɗigo babu, bakin ma har ya bushe. Ta fito falo da ita a hannu.

"Inna! Tun yaushe ya ƙare? Shi ya sa idon ya yi ja haka? Likita ya ce ko kwana ɗaya kar a tsallake! Me ya hana ki faɗa a sayo?"

Inna na zaune gindin taga, ta juya fuska waje.

Dakta ya ajiye kofinsa. Kantin magani yana nan tsallaken titi, daga tagar ma ana hango allonsa. Ya karɓi kwalbar, ya zura takalmi, ya ce yanzu zai dawo.

Sai tsohuwa ta miƙe. Ta taho da sauri tana laluben bango, ta yi karo da kujera ba ta tsaya ba, ta cafke wuyan hannun surukarta da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi.

"Ki shaida," ta ce. "Ki shaida ban ce ya je ba. Shi ya ce zai je."

"Inna, lafiya? Kanti ne fa, ga shi nan."

Ba ta saurare ta ba. Ta juya fuska wajen ƙofa, inda take jin motsinsa.

"Ka ji ko, Dakta? Ban aike ka ba."

Ya tsaya da hannu a kan mariƙin ƙofa. Kalmomi masu taushi cike suke da kansa, shekaru yana koyar da su, ya laluba bai samu ko ɗaya da za ta shiga wurin nan ba. Matarsa ta daina kallon tsohuwar, shi take kallo. Ya buɗe ƙofa ya fita. Yana sauka matakala yana jin ta a sama tana maimaita wa yaran ɗaya bayan ɗaya, su ma su shaida.